Etymonline: ya san asalin kalma, amma injin yana gareji

Ɗalibin da ya yi lakol a Nijar da Faransanci yake buɗe ido, Ingilishi kuwa sai ya shiga koleji suke haɗuwa. Yana iya haddace kalmomi dubu, ya ci jarrabawa da maki mai kyau, amma ran da ya ji a rediyo an ce gwamnati na neman yin “kick-start” na tattalin arziki, ko ya ji a fim an ce maigida ya yi “blow a gasket”, sai ya tsaya cak. Kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba baƙi ba ne a wurinsa, haɗuwarsu ce ta ƙi buɗe masa.

Irin waɗannan maganganu ba a aji aka haife su ba. Daga bakin masu aikin ƙarfe suka fito: masu hura wutar jirgin ƙasa, maƙeran bindiga, ma'aikatan ɗab'i, kanikawa. Wanda ya san injin da magana ta fito daga cikinsa ba ya buƙatar haddace ta, kuma ba zai ajiye ta inda ba gurbinta ba. Saboda haka muka ɗauki shafin da ya yi fice wajen bin asalin kalmomin Ingilishi, Online Etymology Dictionary, wanda aka fi sani da Etymonline, muka auna shi da tambaya ɗaya: ko zai kai mai karatu na Yamai daga maganar zuwa injin da ya haife ta?

Douglas Harper, wani Ba'amurke marubucin tarihi, shi ya kafa shafin a 2001. Shiga kyauta ne, ana buɗe shi a waya ko a kwamfuta, kuma akwai manhajarsa ta Android da ta iPhone. Abin da ke ciki an tace shi ne daga manyan ƙamusoshin asalin kalmomi da aka riga aka buga, ciki har da na Oxford. Abu na farko da ya kamata mutum ya sani shi ne, ba ƙamus ne na ma'ana ba. Ba zai gaya maka yadda ake amfani da kalma yau ba. Aikinsa shi ne ya nuna daga wane harshe ta zo, me take nufi da farko, da kuma lokacin da kowace sabuwar ma'ana ta hau kanta. Kusan duka rubutu ne zalla, don haka yana buɗuwa ko da layin ya yi rauni. Abin da ke shan kuɗin intanet a cikinsa tallace-tallace ne, ba bayanin ba.

Akwai dabarar neman abu a cikinsa, kuma nan ne yawancin masu farawa ke yin fushi su rufe. Idan ka rubuta jimla sukutum, sau da yawa ba za ta fito da kanta ba, sai dai a zubo maka duk shafukan da ke ɗauke da ɗaya daga cikin kalmomin. Ka zaɓi kalmar da ke ɗauke da ƙarfen, ka neme ta ita kaɗai. A “let off steam” ka nemi “steam”, a “flash in the pan” ka nemi “flash” ko “pan”. Sannan ka karanta har ƙasa, domin karin maganar yawanci a jimlolin ƙarshe ake ambata ta. Harafin n. na nufin suna, v. aikatau, adj. sifa, kuma kalma ɗaya tana iya samun shafi daban ga kowanne. In ka ga 14c. ƙarni na 14 ke nan. In ka ga c. a gaban shekara, wato wajen wannan shekarar. Kalmar da aka sa wa tauraro a gabanta ba a taɓa ganin ta a rubuce ba, masana ne suka sake gina ta ta hanyar kwatanta harsuna. Mafi muhimmanci shi ne shekarar da ke gefen kalma. Ba ranar da aka ƙirƙire ta ba ce, shekarar takarda mafi tsufa ce da aka samu tana ɗauke da ita. Maganar gareji kan daɗe a baki kafin wani ya rubuta ta, kuma in aka tono tsohuwar jarida da ta riga waccan, shekarar na ja da baya. Mai rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ya kula da wannan, ya ce “an same ta a rubuce tun”, kada ya ce “an ƙirƙire ta a”.

Inda shafin ya fi nuna gwanintarsa shi ne jera ma'anoni bisa tsari, kuma “backfire” misali ne mai kyau. Kowane bakanike zai rantse daga salansa kalmar ta fito. Shafin ya nuna ta girmi mota. A shekarun 1830 a Amurka, sunan wutar da ake cinnawa da gangan ne a gaban gobarar daji, don ta cinye ciyawar kafin babbar wutar ta iso, ta rasa abin ci. Makiyayin arewacin Tahoua da ya san barnar gobara a makiyaya bayan damina zai gane dabarar nan take. Ma'anar inji sai a 1897 ta bayyana a rubuce. Ma'anar da aka fi ji yau kuwa, wato shiri ya juyo kan mai shi, reshe ya juye da mujiya, tun 1912 ce, kuma shafin ya danganta ta da bindigar da ke fashewa ta baya ta ji wa maharbi. Ma'anoni uku, tushe uku, cikin layi kaɗan. Wannan aiki ne mai kyau, kuma shi kaɗai ya isa dalilin ajiye shafin a waya.

Amma daga nan ya tsaya. Ba zai gaya maka abin da ke faruwa a cikin injin ba, babu zane, babu hoto. Abin da ke faruwa shi ne, haɗin mai da iska ya kama wuta a inda bai kamata ba. In mai ya yi wa iska kaɗan, ko dai saboda kafireta ta toshe ko robar da ke tsakaninta da inji ta tsage tana shan iska, haɗin na ci a hankali, har bawul ɗin shiga ya sake buɗewa wutar ba ta mutu ba, sai ta tofo ta kafireta. In kuwa man da bai ƙone ba ya taru a salansa mai zafi, can yake fashewa kamar harbi. Sauya wayoyin buji, a sa na wannan silinda a wancan, shi ma yana kawo haka. A kowane hali ƙarfin da aka shirya ya tura gaba shi ne ya dawo baya, kuma wannan hoton ne ke riƙe kalmar a kai.

A nan ne mutumin Yamai ya fi ɗan Landan sa'a. Injunan da suka haifi maganganun nan, da yawansu sun ɓace a can, amma a nan suna aiki kullum.

Ɗauki “kick-start” da “jump-start”. Ƙamus zai ce duka biyun suna nufin a farfaɗo da abin da ya tsaya, kuma jaridu na musanya su yadda suka ga dama. Ɗan kabu-kabu ya san ba ɗaya ba ne. Tayar da babur da ƙafa yana da tsari: a buɗe makulli, a tabbatar giya a sake take, a buɗe famfon mai, in da sanyin safiya ne a ja cok, a taka sandar a hankali har a ji ta yi tauri, alamar fistan ya hau matsi, a bar ta ta dawo sama, sannan a taka da nauyin jiki duka har ƙasa. Rabin taku ba ya tayar da komai, sai ma ya jiƙa buji da mai. In lokacin wuta ya yi gaba da yawa, sandar na dawowa ta bugi ƙafa. Ƙarfin dai daga mai babur ɗin ya fito, bugu ɗaya mai kyau, injin ya ci gaba da kansa. Sai a yi hattara da wani tarko: abin da Ingilishi ke kira “choke” shi Faransanci ke kira “starter”, alhali “starter” a Ingilishi shi ne demarer, na'urar da ke tayar da inji da wutar batiri. Wanda ya je sayen kaya a Kano ko Sakkwato da kalmar lakol a bakinsa yana iya dawowa da abin da ba shi ya je nema ba.

“Jump-start” kuwa aron wuta ne daga batirin wata mota. Jan waya a kan + na mataccen batiri, ɗaya bakin a kan + na mai rai. Baƙar waya a kan – na mai rai, bakinta na ƙarshe a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batiri, domin batiri na fitar da iskar da tartsatsi ke iya kamawa. A tayar da mai rai, a ba ta mintuna kaɗan, sannan a gwada ɗayar. Ana cire wayoyin ne daga ta ƙarshe zuwa ta farko. Lafiyayyen batiri a kwance yana nuna wajen volt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. In bai hau haka ba bayan an tayar, matsalar ba ta batiri ba ce, altanato ne ba ya caji, kuma motar za ta sake mutuwa a hanya. Kuskure biyu ne ke jawo asara: juya wayoyin, wanda ke ƙona diyod ɗin altanato da fis, da kuma ɗauko wuta daga kamiyo mai volt 24 zuwa ƙaramar mota mai 12. To, ga bambancin ma'anar: a nan ƙarfin daga waje ya zo. Mai fassara da ya san haka zai ce “a tayar da tattalin arziki” ga ta farko, ya ce “a ɗora shi da tallafin waje” ga ta biyu in zancen ya nuna haka. Shafin bai raba su ta wannan fuska ba.

Haka “prime the pump”, maganar da ta shiga bakin masana tattalin arziki a Amurka a shekarun 1930, lokacin da gwamnati ke zuba kuɗi a ayyuka don kasuwa ta motsa. Duk mai lambu a bakin Kogin Kwara, a Gamkalle ko a ƙetaren gadar Kennedy, yana yin ta da hannunsa. Injin ban ruwa ba ya jan iska. Sai an kwance murfin da ke saman tukunyar famfon, an cika ta da ruwa har ya tumbatsa, an ɗaure, sannan a tayar. In ruwa bai zo ba cikin minti biyu ko uku, a kashe, a duba abu uku: ko bawul ɗin da ke bakin tiyo a cikin kogi yana yoyo, ko mahaɗin tiyo na shan iska, ko famfon ya yi wa ruwa nisa ta sama. Iskar duniya ba ta iya ɗaga ruwa fiye da mita 10 da ɗan kai, a aikace kuwa mita 7 zuwa 8 ne iyaka. Barin famfo ya yi ta juyawa a bushe yana ƙona sil ɗinsa, wato abin da ke hana ruwa yoyo. Ma'anar ke nan gaba ɗaya: ka zuba kaɗan don mai yawa ya biyo, kuma in akwai yoyo a ƙasa, abin da ka zuba ya tafi a banza.

Maganganun fushi su ne suka fi yawa, kuma kusan dukansu na zafi ne da matsi. “Blow a gasket” na nufin mutum ya fashe da fushi. Shafin zai kai ka ga wani tushe mai ban sha'awa, cewa “gasket” da farko ƴar igiya ce ta ɗaure filafilan jirgin ruwa, kuma ana danganta ta da kalmar Faransanci “garcette”. Daga baya ta zama sunan igiyar da ake cusawa don toshe yoyon tururi. Amma gaskit ɗin da ke cikin maganar shi ne wanda kanikawanmu ke kira juwan kilas, faifan da ke kwance tsakanin gangar inji da kansa, yana raba wuta da ruwa da baƙin mai kowa a hanyarsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, shi ne cinikin gareji. Kan inji na alminiyum ne a yawancin motoci, in ya yi zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe kaɗan, gaskit ya rasa matsi, ya ƙone ta wuri ɗaya. Alamun ba sa ɓuya: farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara a ƙarƙashin murfi, kumfa na tasowa a radiyeta, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Sanadin kuwa yawanci ƙananan abubuwa ne da aka yi wa sakaci: fanka ta daina juyawa, ruwan famfo ya tara farin ƙasa ya toshe ƙananan bututun radiyeta, ko murfin radiyeta ya saki. In an zo gyara, sauya gaskit kaɗai bai isa ba. Sai an ɗora madaidaicin ƙarfe a kan kilas, wato kan injin, an auna lanƙwasar, an kai shi an share in ta wuce abin da kamfani ya yarda, sannan a ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, a matakai, da sufana mai auna ƙarfi. Wanda ya ɗaure da ƙarfin damtse daga gefe ɗaya zai sake buɗe injin kafin wata ya zagayo. Mai wannan sani ya fahimci abin da maganar ke ɗauke da shi: ba ɓacin rai na ɗan lokaci ba ne, matsi ne da ya daɗe yana taruwa har ya ɓalle.

Ƴar'uwarta “blow a fuse” ta fi sauƙi ga wanda ya yi lakol, domin Faransanci na da “péter les plombs”, daga zamanin da fis na gida wayar dalma ce mai narkewa in wuta ta yi yawa. Fis na mota a yau launi ke nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. An yi shi ne ya mutu don waya ta rayu. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli ya cire mai gadi ne, kuma abin da zai ƙone a gaba wayoyin motar ne.

“Let off steam” da “safety valve” kishiyar waɗancan ne, wato a rage matsi kafin a fashe. Asalinsu na komawa ga Denis Papin, Bafaranshe, wanda a 1679 ya ƙera tukunya mai rufin matsi ya kuma sa mata bawul mai nauyi da ke ɗagawa in tururi ya yi yawa. Tukunyar matsi ta girki jikarta ce, kuma ƙarar da take yi a madafa ita ce maganar a zahiri. Murfin radiyeta ma bawul ne irin wannan: yana riƙe matsi na kusan bar 1, wanda ke sa ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120, in ya wuce haka ya saki. Dalilin ke nan da ba a buɗe shi inji na da zafi, domin da matsin ya sauka ruwan na tafasa a take ya yi tsalle zuwa fuska. A wannan ɓangare shafin na da wata kyauta ga mai jin Faransanci: “chauffeur”, wato shofer da muke faɗa kullum, asalinsa mai hura wutar injin tururi ne, daga “chauffer”. Kalmar ta hau kan direban mota ne a ƙarshen ƙarni na 19.

“Firing on all cylinders”, a ce mutum ko kamfani na aiki da dukkan ƙarfinsa, ba ta da wuya. Inji mai silinda huɗu yawanci yana harbawa bisa jeri 1-3-4-2. In ɗaya ya yi shiru motar na rawa a tsaye, ba ta jan hawa, tana shan mai. Faransanci ya ce tana tafiya da ƙafa uku. A tsofaffin motoci ana gano mai laifin ta cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba: wanda aka cire sautin inji bai sauya ba, shi ne matacce.

Wani amfani na shafin da ya cancanci yabo shi ne kashe labaran ƙanzon kurege. Akwai labarin da ke yawo cewa “sabotage” ta fito ne daga ma'aikata masu jefa takalmansu na katako cikin injuna don su lalata su. Kalmar dai daga “sabot” take, amma shafin ya faɗa ƙarara cewa tarihin kalmar bai goyi bayan labarin jifan ba. Haka “cranky”, mai saurin fushi. Mutum zai so ya haɗa ta da hannun tayar da tsohuwar mota, irin manibel da ake juya injin niƙa da shi a unguwa, wanda in ya dawo baya yana iya karya hannu, har sai da Charles Kettering ya kawo demarer na lantarki a motar Cadillac ta 1912. Labarin ya yi daɗi, amma kalmar tana rubuce tun farkon ƙarni na 19, babu mota a duniya. Duba shekara kawai ya warware. Wadda ta fito daga manibel da gaske ita ce ta Faransanci, “démarrer au quart de tour”, injin da rubu'in juyi ya ishe shi ya tashi.

“Flash in the pan” ma ana yawan jingina ta ga masu wankin zinariya da ke ganin ƙyalli a kwano, abin da masu haƙar zinariya na Komabangou za su ji ya dace. Amma maganar ta bindiga ce, kuma ta riga rububin haƙar zinariya na Amurka. Tsohuwar bindiga mai dutsen ƙanƙara, kakar adaka ta maharbanmu, tana da ɗan kasko a gefe inda ake zuba albarushi kaɗan. In aka ja kunama, dutsen ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kaskon, wutar ta bi ta ƴar ƙaramar huda ta kama babban albarushin da ke cikin bututu. In hudar ta toshe da toka, ko albarushin ciki ya sha raɓa, kasko ya yi walƙiya da hayaƙi, harsashi bai fita ba. Ana faɗin ta ga wanda ya haska sau ɗaya bai sake ba. Daga bindiga guda ɗin nan aka samu “go off half-cocked”, domin kunamar na da matsayi biyu, na rabi shi ne na tsaro da ake ɗura albarushi a kansa, kuma in ƙugiyar ta lashe bindiga na tashi ba a shirya ba. Aka kuma samu “lock, stock and barrel”, sassan bindiga uku, na'urar harbi da kota da bututu, wato abu ɗungurungum. Faransanci na da “faire long feu”, wato abu ya ƙi ci, daga wannan makamin.

Na gidan ɗab'i kuwa shafin ya ƙware a kansu, domin tarihinsu a rubuce yake. “Upper case” da “lower case” akwatuna biyu ne na haruffan dalma, manyan haruffa a na sama, ƙanana a na ƙasa kusa da hannu tunda su aka fi ɗauka. “Cliché” da “stereotype” duka sunayen faifan ƙarfe ne da ake zubawa daga shafin da aka jera, don a yi ta buga abu ɗaya ba sauyi, kuma duka daga Faransanci Ingilishi ya aro su.

Sai raunin da ya fi damun mu, domin yana iya jawo wa mutum kunya. Shafin ba kullum yake gaya maka matsayin magana ba, ko ta ofis ce ko ta bakin titi. “Have a screw loose” daidai take da tamu ta “notin kansa ya kwance”, kuma kamar tamu, zagi ce in aka faɗa wa mutum a fuska. “Blow a gasket” ta hira ce tsakanin abokai, ba ta shiga wasiƙar neman aiki. “Kick-start” da “backfire” kuwa suna shiga jarida da rahoto ba matsala. Don wannan sai an haɗa da ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge, waɗanda ke sa alamar magana ta yau da kullum ko ta raini a gefen kalma. Bayan haka Ingilishin da aka rubuta bayanin da shi na masana ne, cike da gajerce-gajerce da sunayen tsofaffin harsuna. Ɗan koleji zai sha wuya. Ɗan lise da ke aji na ƙarshe, ko malami, ko mai fassara, ko ɗan jarida zai ci moriyarsa sosai. Mai jin Faransanci ma yana da riba ta musamman, tunda kaso mai yawa na kalmomin Ingilishi ta Faransanci suka shigo, kuma shafin na nuna hakan a kusan kowane layi.

Hukuncinmu shi ne a yi amfani da shi, amma a matsayin rabin aiki. Malamin da ke shirya darasi ya ɗauki maganganu biyar kawai, ya duba asalinsu da shekarunsu a shafin, sannan ya samo abin da kansa: tsohon gaskit da ya ƙone daga gareji, fis biyu, ɗaya mai rai ɗaya matacce, murfin radiyeta, buji. A kasuwar Katako ko wurin kowane bakanike na unguwa ana samun su, galibi a cikin tarkacen da za a zubar. A ɗora gaskit ɗin a tebur, a nuna wa ɗalibai inda wuta ta ci ta ratsa tsakanin ramuka biyu, sannan a rubuta maganar a allo. A tambaye su yadda ake faɗin haka da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Za su kawo “kansa ya ɗau zafi”, “bakinsa ba birki”, “ba shi wuta”, su ga cewa mu ma daga inji muke ɗebo magana.

Mai harka da Najeriya ya ƙara kula da abu ɗaya. Shafin ya fi karkata ga Ingilishin Amurka da Ingila, kuma su biyun ma ba kullum suke haɗuwa ba. A kawo cikas ga shiri, Ba'ingile zai ce “throw a spanner in the works”, Ba'amurke ya sa “monkey wrench” a gurbin sufanar. Najeriya ta Ingila ta bi, shi ya sa muke da sufana a Hausa. Ingilishin da ake yi a tashar Birnin Ƙonni ko Maraɗi kuma yana da nasa ma'anonin da bai kamata a nema a wannan shafi ba. “Go-slow” a Ingila salon yajin aiki ne, ma'aikata su zo amma su riƙa jan aikin da gangan. In direba daga Legas ya bugo ya ce yana cikin “go-slow”, cunkoson motoci yake nufi, kuma kayanka za su makara.